Baro Ɗaya, Shugabanni Goma: Ire-iren 'Yan Kulob a Sakandare

Ƙanena ya shiga aji huɗu bana. Rannan ya zo mini da fom wai in sa masa hannu, zai shiga kulob ɗin Red Cross na makarantarsu. Na tambaye shi dalili, ya gyara tsayuwa ya ce, "Yaya, taimakon al'umma da koyon shugabanci." Dariya ta kama ni, don abin da na faɗa ke nan a zamanina, alhali hular nan da ake karkatawa gefe ce ta ja ni. Shekara biyu na yi ina magatakarda, littafin rajista a hannuna yake kwana, saboda haka na san jama'ar ciki da bai. Ko Red Cross ne, ko Sikawut, ko Manowa, ko Interact da 'yan Rotary ke reno, mutanen iri ɗaya ne, kayan sawa kawai suka bambanta. Ga su nan.

1. Ɗan Takarda

Sau biyu ake ganinsa a shekara: ranar rajista da ranar raba satifiket. Tambayarsa ta farko ita ce, "Siniya, takardar akwai hatimi a jiki?" Ya ji an ce tana taimakawa wajen neman gurbin karatu, shi ke nan. Tsakanin ranakun nan biyu kuwa rasuwa ba ta barin gidansu. Na taɓa rubuta wa wani uzurin rasuwar kakarsa sau uku a zango ɗaya, kuma baiwar Allah ba ta tashi cikawa sai Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsaftar muhalli, daidai lokacin da za mu fita yashe kwata.

2. Kwamanda

Karin gugar wandonsa zai iya yanka albasa. Takalmi yana ƙyalli, igiya a kafaɗa, usur a baki. Yana sara wa kowa, har maigadi da mai sayar da gurasa. Zai ba ka tarihin Manowa tun daga 1951 da aka fara horon a gaɓar teku a Kamaru, ya kuma rantse maka wata rana sai ya hau tsaunin Shere da ke kusa da Jos inda ake horar da jarumai. Wajen fareti ba a kai shi. Amma miƙa masa shebur ka ce ya shiga lambatu, sai ya dubi farin wandonsa ya dube ka, ya ce shi aikinsa tsare hanya kada motoci su dame ku. A lungun da ko keke ba ya bi.

3. Mai Girma Shugaba

Tun yana aji ɗaya yake gaisawa da hannu biyu. Daren bayyana manufa ya raba alewa, ya yi alkawarin motar ɗaukar marasa lafiya ga kulob ɗin da ko auduga babu a akwatin maganinsa. Da ya ci zaɓe, aikinsa na farko kafa kwamiti, kwamitin ya haifi ƙaramin kwamiti. Kafin ka ankara an sami mataimaki na ɗaya, mataimaki na biyu, jami'in hulɗa da jama'a, mai ladabtarwa, har da mai ba shugaba shawara na musamman. Kusan kowa yana da muƙami, baro kuwa guda ɗaya ne, shi ma na aro. Ranar aiki Mai Girma yakan hau kan kwalbati yana nuni da yatsa. Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Taron kulob ɗinmu ranar Laraba ake yi, kuma duk abin da nake gani yanzu a siyasa, a can na fara ganin samfurinsa.

4. Ma'aji

Wajen karɓar naira hamsin ɗin wata ba shi da wasa, har bakin famfo zai bi ka. Ranar bayanin kuɗi ce ake jin labarai. Ko littafin ya jiƙe da damina, ko ɓera ya ci shi. Ɓeran nan kuwa ya yi boko, don shafin kuɗin shiga kaɗai yake ci, ya bar na kuɗin fita lafiya lau. Shi ya sa a 2018, da labari ya bazu cewa maciji ya haɗiye naira miliyan 36 a wani ofishi a Makurɗi, ban yi mamaki ba. Na san macijin tun yana ɓera. Ba na zargin kowa, amma mai awarar bakin get da suna take gaishe da ma'ajinmu, har da tambayar mutanen gida.

5. Likitan Dole

Horon taimakon gaggawa na yini ɗaya aka yi masa, tun daga ranar ya daina amsa sunansa sai an ce Dakta. Mai ciwon kai ma bandeji yake ɗaura masa. Babban fatansa rana ta ƙwalle a asambuli wani ya yanke jiki ya faɗi, ya sheƙo da gadon ɗaukar majinyata. Ya haddace karatun kamar na allo: wanda ya suma a kwantar da shi, a ɗaga ƙafafunsa, a ba shi iska, kada a ɗura masa ruwa, mai haɓo ya sunkuyar da kai gaba ya matse hanci, kada ya ɗaga kai sama, ƙuna a tara ta a ruwa mai sanyi, a bar ɗanyen ƙwai da man goge baki. Sai dai ranar da fartanya ta sari wani yaro a gonar makaranta, Dakta ya ga jini na gaske, shi muka ɗauka a gadon. Duk da haka a yi masa adalci: saboda nacinsa, gidaje da dama a unguwarsu sun daina fasa ƙwai a kan ƙuna.

6. 'Yar Hoto

Tana riƙe tsintsiya gwargwadon lokacin da mai waya ke bukata ya danna. "Tsaya, sake ɗauka, idona a rufe yake." Idan an kai ziyara gidan marayu, kwalin sabulu ɗaya za a miƙa, amma sai an miƙa shi an karɓo an sake miƙawa har hasken ya yi mata daidai. A Islamiyya an koya mana kada hannun hagu ya san abin da dama ta bayar. Ita kafin mu dawo makaranta, ƙanwar babarta da ke Jidda ta gani a Facebook har ta sa albarka.

7. Ɗan Lemo

Wannan ya fi kowa sanin kalanda: 8 ga Mayu ranar Red Cross ta duniya, 27 ga Mayu ranar yara, 1 ga Oktoba ranar samun 'yancin kai. Dalilin ranakun bai dame shi ba, ya dai san a cikinsu ake buɗe kula. Kullum kujerarsa tana kusa da katan ɗin lemo, kuma shi ne mutum na farko da ke sa kai idan an zo rabo. Ɗaya ga jama'a, ɗaya ga aljihu. Telan da ya ɗinka masa wando ya san aikinsa.

8. Ɗan Rakiya

Bai san me ake yi ba. Abokinsa ya biyo, ko gudun yankan ciyawa ya kawo shi, ko kuma wata 'yar aji biyar ce ke cikin kulob ɗin. Kada ka raina shi. Henry Dunant da kansa, wanda ake bikin 8 ga Mayu saboda ranar haihuwarsa ce, ba agaji ya fita yi ba. Ɗan kasuwa ne daga Janiba, ya bi sawun Sarkin Faransa Napoleon na Uku zuwa Italiya a 1859 kan wata harkarsa ta Aljeriya, sai ya tarar da dubban sojoji yashe cikin jini bayan yaƙin Solferino. Ya ajiye abin da ya kawo shi, ya tara matan garin da ke kusa suka shiga jinya. Daga nan aka kafa ƙungiyar Red Cross a 1863, Nijeriya kuma ta yi wa tata doka a 1960. A kulob ɗinmu ma haka aka yi: abokin ya gudu, yarinyar ta gama makaranta, Ɗan Rakiya ya zauna har ya zama wanda ake nema idan wani ya ji ciwo.

9. Mai Baro

Ba shi da muƙami, ba shi da usur. Shi ke zuwa gidan mai unguwa aro shebur da manjagara tun da asuba, shi ke shiga kwata har gwiwa, shi ke tura baro zuwa juji. Bishiyoyin dogon yaron da muka dasa da damina muka yi hoto muka watse, shi ya riƙa ba su ruwa da bokiti har rani ya wuce. A hoton ƙarshen shekara rabin kunnensa kawai ya fito. A nan zan tona wa kaina asiri: shekarar da na haɗa sunayen masu karɓar satifiket, na manta da nasa, domin lokacin da ake rubutawa ya tafi mayar da kayan aro. Ɗan Takarda ya karɓi tasa har ya kai an lulluɓe ta da leda. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ya ji zafi, na gani a idonsa, amma Asabar ta gaba shi ya riga kowa zuwa.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin a san fom da hatimi muna da gayya, kuma a gayyar ma akwai mai zuwa don fura, akwai mai zuwa don makaɗi ya wasa shi a gaban 'yan mata, akwai mai kama kunya ya kai ta ƙarshe ba tare da ya ɗago ba. Dattawa suna zaune a inuwa suna kallo, kuma idan aka tashi ba da amana ko 'ya, sun san ƙofar da ake nufa.

Don haka ɗalibi, shiga kulob, ko da hula ce ta ja ka. Da yawanmu da karkatacciyar niyya muka shiga, aikin ya miƙar da ita. Idan ka je, nemi wanda ke tura baro ka tsaya kusa da shi, a wurinsa ake koyon shugabancin da aka rubuta a fom. Ƙanena dai na sa masa hannu. Hular kuwa na ce sai ya yi zango guda cur yana shiga kwata sannan zan saya masa.