Rabe-raben Mahalarta Daren Buɗe Baje Kolin Fasahar Zamani

A manyan gidajen adana kayan fasaha na Turai da Amurka, ba a buɗe wa jama'a sabon baje kolin zane-zane da sassaƙe-sassaƙe sai an fara keɓe dare guda ga waɗanda aka aika wa katin gayyata, al'adar kuwa ta samo asali ne daga ranar da a da ake barin masu zane su shafa wa ayyukansu man ƙyalli kafin a buɗe ƙofa. A Cibiyar Fasaha ta Sarauta da ke Landan, wadda ta fara baje kolinta na shekara-shekara a 1769, wannan rana fagen gwada ƙwanji ce, domin a 1832 mai zane Turner ya tarar an rataye zanensa na teku mai ruwan toka kusa da wani zanen Constable da ke walƙiya da ja, sai ya ɗiga jan fenti guda a tsakiyar tekunsa ya yi tafiyarsa, ɗigon kuwa ya janye idon 'yan kallo daga aikin abokin gasarsa. A yau man ƙyallin ya kau, gasar kuma ta sauko daga bango zuwa tsakar ɗaki. Wanda ya leƙa irin wannan biki a gida kamar Tate Modern, tsohuwar tashar wutar lantarki da ke bakin kogin Thames wadda aka mayar gidan fasahar zamani a shekarar 2000, zai tarar da ɗaruruwan mutane cikin baƙaƙen tufafi, kowa da kofin gilashi a hannu, kusan kowa kuma ya juya wa zane-zanen baya.

Na farko a jerin waɗannan mutane, kuma wanda ya fi cancantar dogon nazari, shi ne Sarkin Sani, wato mutumin da bai taɓa tsayawa gaban wani aiki ya rasa abin cewa ba. Ana gane shi da tsayuwarsa tun kafin ya buɗe baki, domin yakan matsa kusa da zane har hancinsa ya kusa gogar fenti, sannan ya ja da baya taku uku, ya karkatar da kai gefe, ya dafe haɓa da yatsa biyu, ya saki wani ɗan gurnani da ke nuna cewa abin ya shige shi. Abin da ba ya so a lura da shi shi ne cewa matsawar farko ba don fentin aka yi ta ba, an yi ta ne don ya saci kallon 'yar takardar bayanin da ke manne a bango, wadda mai tsara baje kolin ya rubuta sunan mai aikin da shekara da manufarsa a kanta. Daga nan sai ya juya ga wanda tsautsayi ya tsayar kusa da shi ya shaida masa cewa aikin yana tuhumar sarari, ko kuwa yana tattaunawa da rashi, jimlolin da amfaninsu shi ne babu zanen da ba za su dace da shi ba, babu kuma wanda zai iya ƙaryata su. Tarihi bai kyauta wa wannan rukuni ba. A 1961 Gidan Fasahar Zamani na Niyok ya rataye wani aikin Matisse mai hoton kwalekwale a kife har kwana 47, masana suna wucewa suna gyaɗa kai, sai da wata dillaliyar hannun jari ta lura sannan aka juya shi. A 2016 kuma wasu samari suka ajiye tabarau a ƙasa a gidan fasahar zamani na San Francisco, nan da nan mutane suka taru, har wani ya durƙusa yana ɗaukar hotonsa.

Ɗan gayyar soɗi ba shi da wannan matsala, saboda bai taɓa iƙirarin cewa zane ne ya kawo shi ba. Iliminsa na taswira ne, domin cikin minti kaɗan da shigowarsa yakan gano ƙofar da masu raba abinci suke fitowa da faranti, ya kafa kansa daidai inda farantin yake cike, ya ɗauki loma ɗaya da dama ya ɓoye ta cikin 'yar takardar goge baki da ke hagu, sannan ya miƙa damar a karo na biyu da fuskar wanda yanzu ya ankara da farantin. Abubuwan taɓawar da ake rabawa a irin wannan dare ƙanana ne ƙwarai, ɗan kifi a kan biredin da bai fi kwabo faɗi ba, don haka ƙoshi a wurin sana'a ce mai bukatar juriya da sauya wurin tsayuwa kafin ma'aikata su haddace fuska. Gwarzon wannan rukuni, ko da yake ba a daren biki ya yi aikinsa ba, shi ne ɗalibin da a 2023 ya ciro ayabar da Maurizio Cattelan ya sa aka manna a bango da salatif a gidan Leeum na birnin Seoul, ya cinye ta a gaban jama'a, ya mayar da ɓawon ya manna, ya ce bai karya kumallo ba. An sayar da kwafin wannan aiki dala 120,000 a 2019, a 2024 kuma wani ya saye shi a gwanjo kan sama da dala miliyan 6, abin da ya sa da wuya a sami karin kumallon da ya kai wannan asali.

Kusa da ƙofar fita akan sami Mai Shakka, wanda matarsa ko maigidansa a wurin aiki ya jawo shi, kuma jimlarsa guda ce, cewa ɗansa na firamare ma zai iya yin wannan. Jimlar ta tsufa, domin magabatansa sun faɗi makamanciyarta lokacin da Malevich ya nuna baƙin murabba'insa a 1915, da lokacin da Duchamp ya miƙa mazubin fitsari a matsayin aikin fasaha a 1917, amma shi yana furta ta kullum da jin cewa shi ne farkon wanda ya gano bakin zaren. Idan aka tsayar da shi ƙarƙashin manyan labulayen ƙarfe na El Anatsui, ɗan Gana da ya shafe shekaru yana koyarwa a Nsukka, waɗanda aka rataye a babban zauren Tate Modern a 2023, kuma aka shaida masa cewa da dubban murafun kwalba aka ɗinke su da waya, sai ya yi shiru na ɗan lokaci, ba don mamaki ba, yana lissafin kuɗin murafun ne. Duk da haka ya kamata a yi masa adalci, domin shi aƙalla ya dubi aikin kafin ya raina shi.

Masu jawabi ba su bukatar dogon bayani. Shugaban gidan yakan gode wa kamfanin da ya ɗauki nauyi, kamar yadda Unilever ya ɗauki nauyin ayyukan babban zauren Tate Modern daga 2000 zuwa 2012 kafin Hyundai ya karɓa a 2015, wakilin kamfanin kuma ya bayyana cewa kamfaninsu da fasaha Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, alhali hayaniyar kofuna ta hana kowa ji. Dillalan zane kuwa, da yake gidan ba ya sayar da abin da ya rataye amma ratayewar tana ɗaga farashin mai aikin a kasuwa, sukan gaisa da mutum idonsu na bisa kafaɗarsa, suna neman wanda ya fi shi nauyin aljihu.

Rukunin da ya fi tayar wa ma'aikata hankali shi ne na masu ɗaukar hoton kansu da waya, waɗanda a wurinsu kowane zane bango ne mai kyau, kuma da yake dole su juya masa baya su riƙa ja da baya har sai fuska da firam sun shiga hoto tare, ba sa sanin inda dugadugansu suke. A 2017 wata mata ta durƙusa ɗaukar irin wannan hoto a wani baje koli a Los Angeles, ta ture dandamali guda, shi kuma ya ture na bayansa har layin ya zube, aka ƙiyasta ɓarnar a dala 200,000. Shi kuwa mai aikin da aka taru dominsa yakan tsaya a kusurwa cikin rigar da bai saba da ita ba, yana amsa barka daga takwarorinsa waɗanda tun a hanyar komawa gida za su yanke hukuncin cewa ayyukansa na farko sun fi, wani lokaci ma wani baƙo yakan miƙa masa kofin da ya shanye bisa zaton ma'aikaci ne.

Wani bincike da aka wallafa a 2001 kan maziyartan gidan Metropolitan na Niyok ya nuna cewa matsakaicin lokacin da mutum ke ɓatawa gaban zane bai kai daƙiƙa 30 ba, kuma babu dalilin zaton cewa daren biki, da cunkosonsa da gaishe-gaishensa, yana ƙara wannan adadi. Mutumin da yake zama da aikin sa'o'i shi ne mai gadin ɗaki, wanda ba a taɓa tambayarsa ra'ayinsa ba sai dai hanyar banɗaki, sai kuma masu shara da ke shigowa da asuba, waɗanda su kaɗai ne a cikin masu sharhi suke zartar da hukuncinsu nan take. A 2004 wani mai shara a Tate Britain ya zubar da ledar shara da ke cikin wani aikin Gustav Metzger. A 2015 kuma, a gidan Museion na birnin Bolzano a Italiya, masu shara suka tarar da ɗaki cike da kwalaben giya da guntayen sigari da tarkacen takardun ado, suka ɗauka ragowar taron da aka yi a gidan da daddare ne, suka kwashe komai tsaf, alhali aikin wasu mata biyu masu fasaha ne kan sharholiyar Italiya ta shekarun 1980. An ci sa'a ba a kai ga fitar da buhunan ba, sai ma'aikata suka zazzage su, suka mayar da kowace kwalba mazauninta ta hanyar duba hotunan da aka ɗauka tun farko, aka sake buɗe ɗakin bayan 'yan kwanaki.