Samari, Taragonku Yana Baya

Tikiti iri biyu ne a ƙasar nan. Akwai wanda ake saya da kuɗi, akwai wanda tela yake ɗinkawa. Na farko zai ba ka lambar kujera, na biyu shi zai sa a bar ka ka zauna a kanta cikin kwanciyar hankali. Duk mai musu ya sa jesin Arsenal da silifas, ya yanki tikitin fas kilas a jirgin ƙasan Kaduna zuwa Abuja, ya sha kallo.

Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da jirgin a watan Yulin 2016, tafiyar kilomita 186 daga Rigasa zuwa Idu take haɗa mutanen da a da ba sa haɗuwa sai a filin Idi. Da masu satar mutane suka addabi hanyar mota, manya suka ajiye jiniya da jerin gwano suka bi layi. Sanata da janar da babban sakatare duk suka tattaru a taragon manya. Cikin wannan taro ne wani matashi daga Birnin Gwari zai faɗo. Ya taso da sassafe, ya biyo ta Udawa da Buruku, ya sauka a Mando, ya kama Keke zuwa Rigasa, ƙura har gira. Tikitinsa lafiyayye ne, da sunansa a kai. Ga waɗanda zai tarar.

Sufeton Sa-kai

Ma'aikacin jirgi ya riga ya duba tikitin yaron a ƙofa, ya ce masa bismillah. Amma wannan bawan Allah, da ba wanda ya ɗauke shi aiki, bai gamsu ba. Fasinja ne shi ma. Zai sauke tabarau zuwa karan hanci, ya dubi silifas, ya dubi kujera, ya sassauta murya ya ce, "Samari, taragonku yana baya." In an nuna masa tikitin a waya, sai ya karɓe ta, ya nisanta ta da fuska, ya matso da ita, ya karanta lambar kujerar a bayyane, sannan ya ce, "To, ƙila sun canja tsari ne." Ya fi masa sauƙi ya yarda hukuma ta yi kuskure da ya yarda mai silifas ya biya. Har a isa Kubwa yana waiwaye, ko Allah zai sa mai kujerar na ainihi ya bayyana.

Alhaji Ɗan-gidan-waye

Wannan ba ya kora, tambaya ce sana'arsa. Da jirgin ya dawo aiki a Disambar 2022, hukuma ta ce sai da lambar katin ɗan ƙasa za a sayar wa mutum tikiti. Alhaji bai ga hakan ya wadatar ba. Shi sunan uba yake so, da na kaka, da unguwa.

"Yaro, ɗan gidan waye kai?"

In an faɗi sunan, sai ya lumshe ido yana laluben sa a jerin tsofaffin kwamishinoni da 'yan kwangila. "Wanne daga ciki? Na kwastan?"

"A'a Baba, manomi ne."

"Na ji yana da gona. Aikin me yake yi?"

Alhaji ba zai samu sukuni ba sai ya rataya yaron a wuyan wani babba. In abin ya faskara, sai ya yanke hukunci da kansa: "Aiko ka aka yi ke nan. Ka gaishe da maigidan naka."

Hajiya Mai Jaka

Yaro yana zama, jakar Hajiya tana komawa ɗaya ɓangaren. Ta naɗe igiyar a hannu, ta ja mayafi ta rufe awarwaro, ta amsa gaisuwa da hanci. Kafin a kai Rijana sai WhatsApp ya ƙi tura hotunan biki. Ta danna, ta girgiza wayar, ta yi tsaki, ta dubi alhazan da ke kewaye ta ga ba mai alamar sani. Sai ta juyo: "Ɗana, don Allah duba min wannan abin, ku ne kuka san kansa." Nan take ta miƙa masa wayar da ta fi duk abin da ke cikin jakar tsada, ta haɗa masa da lambar sirri. Kafin Jere ta buɗe masa robar dambun nama, ta tambaye shi ko ya yi aure, domin akwai 'yar ƙanwarta da ta gama bautar ƙasa. Jakar dai tana nan inda aka mayar da ita.

Mai Aike

Shi bai ga fasinja ba, ƙarfi ya gani na banza. "Kai, ɗora min akwatin nan sama." Jim kaɗan, "Duba min ko banɗaki da mutum." Can kuma, "Miƙo min ruwan can." Abin da ke ɗaure yaron shi ne tarbiyyar gida. Inda ya fito, yaro ba ya zaune yana kallon dattijo yana kokawa da kaya, don haka zai miƙe ya yi, har da rusunawa. Dattijon kuwa sai ya ɗauki ladabin a matsayin shaidar cewa hasashensa daidai ne. Ana dab da sauka zai zaro naira ɗari biyu a dunƙule ya ce, "Ungo, ka sha ruwa." Yaron zai sa hannu biyu ya karɓa, ya yi godiya, don kada ya kunyata babba. Kuɗin da suka biya na kujera ɗaya ne, ko kwabo babu bambanci.

Ɗan Rakiya

Shi ne mai riƙe wa oga jaka da wayoyi uku. Ogan kansa ya kife hula a fuska tun Kakau, bai san ma da wani mai jesi a taragon ba, kuma da ya sani ba zai dame shi ba. Ɗan rakiya ne abin yake ci wa rai. Kaftanin jikinsa na Sallar bara ne na oga, hannun ya ɗan yi masa tsawo, tikitinsa ma oga ne ya biya. Zai sunkuyo ya ce, "Malam, rage ƙarar wayar nan, Yallaɓai yana hutawa," alhali wayar a kashe take, munsharin Yallaɓai kuwa ana jin sa har ƙarshen tarago. Duk taragon shi kaɗai ne bai zaro ko sisi daga aljihunsa ba, shi ya sa ya fi kowa tsaron martabar wurin. Ya manta kayan aro ba ya rufe katara.

Masanin Tsaro

Da fara'a yake somawa. "Daga ina ɗan'uwa?"

"Daga Birnin Gwari."

Sai fara'ar ta ɗauke. Ya ɗan muskuta, ya saci kallon jakar goyon yaron, ya shafa aljihu. Bai taɓa wuce Buruku ba, amma ya san kowane lungu na dajin Kamuku ta Facebook, kuma yanzu zai karantar da ɗan gari labarin garinsu. A zuci lissafi yake yi: yaro ƙarami, daga can, a fas kilas, ina ya samu? Haƙar zinariya ce, ko kuwa dai?

Bai san Birnin Gwari tsohuwar masarauta ce ba, da sarkinta Malam Zubair Jibril Mai Gwari II. Bai san an mayar da Kamuku gandun daji na ƙasa tun 1999 ba, kafin sunan ya zama abin da ake faɗa a sassauta murya. Bai san masarar da ke zama tuwo a gidaje da yawa na Kaduna daga gonakin yankin take fitowa ba. Abin da ya fi muni, bai tsaya ya yi tunanin cewa wanda ke gefensa shi ne dajin ya fi cuta ba. Mutanen yankin ne suka bar gonaki ba shuka, su ne suka yi karo-karo don fanso 'yan'uwa, su ne suka kwana da takalmi a ƙafa. Sun biya a daji, ga shi kuma ana so su sake biya a jirgi da kallon zargi.

Tsoron ba daga sama ya faɗo ba, wannan gaskiya ne. Ranar 28 ga Maris 2022 an kai wa jirgin nan hari, aka kashe aƙalla mutum 8, aka tafi da sama da 60, na ƙarshensu ba su fito ba sai a watan Oktoba. Amma waɗanda suka yi aika-aikar layin dogo suka fasa. Ba su zauna a kujera suna amsa tambayoyi da ladabi ba.

Mai Sauya Sheƙa

Tun Rigasa yaron ya yi masa sallama, bai amsa ba. Sai waya ta yi ƙara, aka ji mai silifas yana cewa, "A'a, kada a sauke a Kaduna. Tirela biyun su wuce Dawanau, ta ukun ta jira ni." Taragon ya yi tsit, hatta munsharin Yallaɓai ya ɗan tsagaita. Kafin a kashe wayar, bawan Allah ya juyo da dukkan jikinsa, haƙora a waje: "Ashe Alhaji ne! Ranka ya daɗe, ai tun ɗazu na ga alama." Ya zaro katin kamfaninsa, kamfanin da ke gina hanya, ya kai mutane Umara, ya sayar da taki. Silifas ɗin da ɗazu suka zama hujjar talauci yanzu sun zama tawali'u. "Masu abin da gaske haka suke," in ji shi, yana duban Sufeto, "ba sa nunawa."

Su Ma Samarin

Adalci ya sa a taɓo su. Akwai ɗan hoto, wanda ya tara kuɗin tikitin don Instagram. Zai ɗauki kujera, ya ɗauki taga, ya ɗauki kansa yana kallon taga, bai ga ko bishiya ɗaya ba har Idu. Akwai mai jiran tsokana, wanda ya haddace amsa tun daga gida, in kuma ba wanda ya tanka masa sai ya sauka da takaici. Sai na ukunsu, wanda da gaske tikitin baya ya yanka, ya lallaɓo neman kujera mai faɗi, ya rufe ido da ƙarfi yana barcin ƙarya. Ranar da aka tashe shi, Sufeton Sa-kai yakan samu labarin da zai ci shekara yana bayarwa. Saboda shi ɗaya, samari ɗari masu tikitin halal suke shan tuhuma.

Alhaji Mai Kaya Biyu

Don a gane wannan sai an koma gida. Jirgin ƙasa bai bi ta Birnin Gwari ba. Fas kilas ɗin garin shi ne gidan gaba a Golf ko Sharon, kuma ɗan kamasho ne yake rabon sa da ido. Matashi zai yi sammako ya kama kujerar, ya jingina, ya ɗora gwiwar hannu a taga. Sai babbar riga ta ɓullo daga ƙofar tasha. "Samari, taimaka ka koma baya, Baba ne." Ba a tambayar wa ya riga zuwa.

Sai aka shiga shekarun da hanyar Kaduna ta zama ana bin ta da addu'a, wani lokaci da rakiyar sojoji. Nan lissafi ya juye. Babbar riga ta zama talla ga mutanen daji, domin su ma da ido suke yanke farashi. Alhaji ya ninke gezna ya cusa ta ƙasan buhu, ya cire agogo, ya ɓoye babbar waya ya riƙe 'yar Nokia mai tocila. Ya sa koɗaɗɗen kaftani mai yagaggen aljihu, ya nemi silifas. Ya ja direba gefe ya roƙe shi, "Don girman Allah kada ka kira ni Alhaji a cikin motar nan." Gidan gaba kuwa ya bar wa samari da zuciya ɗaya: "Zauna abinka ɗana, ni na fi son tsakiya." A ƙagauce yake a ɗauke shi ɗan aike, kuma in an tambaye shi sana'a, gadi yake yi.

Allah ya kawo su Kaduna lafiya. A Rigasa Alhaji ya shige bayan masallaci da buhunsa, ya fito cikin gezna mai ƙyalli, hula zanna bukar ta zauna daram, turare yana gaba yana biye. Ya shiga taragon manya, ya tarar da yaron da suka sha ƙura tare, wanda ɗazu ya kira ɗana, zaune kusa da kujerarsa. Ya dube shi sama da ƙasa, ya gyara hannun riga, ya tambaye shi ko ya tabbata bai yi ɓatan tarago ba. A rana ɗaya, mutum ɗaya ya roƙi a raina shi da safe, ya raina wani da yamma. Shi ya fi kowa sanin tufa ba ta faɗin gaskiya, tunda da kansa ya sa ta yin ƙarya.

A watan Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari ya sake buɗe kasuwar shanu, bayan shekaru tana rufe, a cikin shirin sulhun da aka ƙulla. Motoci suka ƙaru a hanya, manoma da dama suka koma gona. Mai son sanin ko sauƙin ya kai zuci ba sai ya jira sanarwar gwamnati ba, ya je tasha ya tsaya. In ya ga babbar riga ta fito fili da rana tsaka, agogo a hannu, tana neman gidan gaba da ƙarfin murya, to Alhaji ya daina tsoro. Samari kuma an koma baya, mutum huɗu a kujerar mutum uku, gwiwa a haɓa, ana gunaguni. Allah ya ɗorar da zaman lafiya, ya sa rigimarmu ta tsaya a kan kujera. Amma fa Baba, wanda ya riga zuwa a bar masa wurinsa.