Zuwa ga Salansar Motar Ɗan Ƙanena

Hajiya Salansa,

Da fatan kin huce gajiyar daren jiya. Mu dai a layinmu na Sabon Gari ba wanda ya runtsa, tun da kika shigo wajen ƙarfe ɗaya kika sanar da Keffi kaf, har da mutanen Angwan Lambu, cewa yaronki ya dawo gida lafiya. Mun gode da wannan labari.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, takardar lafiyar motar ta ƙare, dole a kai ki gaban jami'an VIO, kuma wani ya tsorata yaron cewa ana iya gwada ƙara. Shi ne ya zo ya durƙusa: "Baffa, ya za a yi ta yi shiru na rana ɗaya?" Rana ɗaya fa, Hajiya. Sauran ranakun shekara namu ne.

Ni na san ki tun kina da kunya. Lokacin da motar nan ta iso daga Kwatano, kina da indomie, wato matatar hayaƙi, a gaba, ga babbar tukunya a baya mai ɗakuna da bututu masu huji-huji, inda ƙarar inji ke shiga ta yi ta karo da kanta har ta mutu kafin ta fito. Sai wani bakanike ya rantse indomie ta toshe, ya yanke ta, ya hana idonsa barci har ya sayar, domin a cikinta akwai ƙarafa masu tsada irin su filatinam da faladiyam. Daga nan mai walda ya fille tukunyar, ya liƙa miki wannan baki mai ƙyalli da dunƙulen hannun yaro zai shige. Wai ƙarin ƙarfi ne. Na shiga motar zuwa Akwanga, kina ta ruri kamar zaki ya ga nama, tirelar siminti ta wuce mu, yaron mota yana ɗaga mana hannu.

To, ga yadda jarrabawar take inda ake yin ta da na'ura. Za a kafa makirfo rabin mita daga bakinki, a ɗan karkace, a taka totur, inji ya ɗau zafi, a karanta lamba. A jihar Kalifoniya ta Amurka, ƙaramar mota ba ta wuce desibel 95. Kada lambar ta yaudare ki: duk ƙarin desibel 10, kunne yana jin kamar ƙarar ta ninka, kuma wanda ya saba wuni awa 8 cikin desibel 85 kunnensa na cikin haɗari. A Paris a 2022 aka fara gwajin na'urar da ke sauraren titi ta ɗauki lambar mai ƙara. Mu ma ba a bar mu hannu rabbana ba, hukumar NESREA da aka kafa a 2007 tana da dokar taƙaita ƙara tun 2009, lokacin yaronki ko keke bai iya ba.

Abokansa sun ba shi shawara iri-iri. Wani ya ce a cusa miki soson ƙarfe na wanke tukunya, a ɗaure da waya. Zai yi aiki, na 'yan mintuna. Da zafi ya ci shi, sai ki feso shi baƙi ƙirin a kan farar rigar jami'i, kuma ban ga takardar da za ta fito bayan wannan ba. Wani ya ce a ɗaura miki ɗan toshi mai noti guda a baki, a kwance da an fita daga harabar. Na uku, wanda ya fi su wayo, ya ce a aro salansar wata Corolla a ɗaura da safe a mayar da yamma. Ba wanda ya tuna masa cewa waldarki tana yoyo a ƙarƙashin kujerar baya, kuma cikin hayaƙin da ke shigowa ta nan, wanda ba shi da wari ne ke kisa.

A ce ma kin ci. An buga hatimi, an miƙo takarda. Goggon gidan da ke kallon namu ba ta karanta takarda, jikarta ce ke firgita tsakar dare, ita kuma ta goya ta har asuba. Liman ya taɓa maimaita aya saboda ke. Ranar da kuka bi ta gaban asibitin tarayya kuwa, ban so a san jinina ne ke tuƙi ba.

Don haka na je wajen masu kayan gyara na taya tukunya 'yar baljiyam. Ni zan biya rabi, rabin kuma daga kuɗin da aka sayar da indomie, in ya rage. Ranar Asabar da hantsi za mu kai ki wajen mai walda. Kada ki damu da zaman banza, mai gidan burodin bayan layi ya ce yana neman bututun hayaƙi, kuma ya ga faɗinki ya yaba.

Naki,
Baffan yaronki,
Sabon Gari, Keffi.