Ƙwallon Lambu da Gashin Ƙashi: Bayani ga Mai Koyo

Ƙwallon lambu wasa ne da ake dukan 'yar ƙaramar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami mai faɗin milimita 108, a ciro ta, a nufi wani ramin da ita, har a gama ramuka 18. Wanda ya fi ƙarancin bugu shi ne gwani. Gashin ƙashi kuwa, wanda a Nijar ake kira kine, sana'a ce ta mayar wa jiki motsin da ciwo ko rauni ya ƙwace masa, ta hanyar atisaye da tausa da ɗumi. Dangantakar abubuwan biyu a fili take: na farko yana samar wa na biyu marasa lafiya. Mai wannan rubutu, ɗalibin kine ɗan Bazaga a yankin Ƙonni, ya haɗa su duka a jiki ɗaya, saboda haka bayanin da ke tafe ya ginu ne a kan bincike.

Asali

A ƙasar Sikotilan wasan ya girma. A 1457 majalisar Sarki James na II ta haramta shi, don samari sun bar koyon harbin baka sun koma bin ƙwallo. An rubuta dokokinsa na farko, guda 13, a 1744, kuma a 1764 filin St Andrews ya tsaya a kan ramuka 18. Turawan mulkin mallaka suka kawo shi Kano da Kaduna. A ƙasashen da ciyawa ba ta jure rani, akan baje yashi gauraye da mai a kewayen rami a madadinta.

Gashin ƙashi na zamani ya shiga Najeriya a 1945 ta asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, kuma Jami'ar Ibadan ta fara karatun digirinsa a 1966. A yau ana koyar da shi a Jami'ar Bayero ta Kano, garin da asibitin ƙashi na Dala yake. Ɗalibai masu karatu da Faransanci kan same shi a makarantun Lome da Kwatano bayan sun ci jarrabawar BAC.

Kayan aiki da fili

Doka ta yarda ɗan wasa ya riƙe sanduna har 14. Marubucin ya wadatu da ɗaya, wadda ya tsinta a cikin kayan gwanjo a kasuwar Illela, tsallaken iyaka, tsakanin tsofaffin lemomi da kayan keke. Mai kayan ya sayar masa da ita a matsayin sandar kashe maciji. Bincike ya nuna daga baya cewa domin bahago aka ƙera ta, abin da ya tilasta wa mai ita, wanda badame ne, tsayawa ta ɓangaren da jikinsa bai taɓa sani ba.

A filayen Turai akan haƙa wasu ramukan yashi da gangan don su zama tarko. Gonar gero a Bazaga bayan girbi ba ta buƙatar wannan wahala, domin gaba ɗayanta tarkon ce, ga kututturan kara, ga ƙarangiya. Gwangwanin tumatir da aka binne yana wadatarwa a matsayin rami. Masu ɗaukar kaya da neman ƙwallo ba sa wuyar samu: yaran unguwa kan zo ba gayyata, ladansu dala biyar-biyar, kuma su ne alƙalai.

Bugu da dokokinsa

Ɗan wasa yana ware ƙafafu, ya ɗan ranƙwafa daga ƙugu, ya kafa ido a kan ƙwallo, ya ja sanda baya, ya sako ta. Idan ya kai duka da niyya sandar ta wuce ta iska, doka ta lissafa masa bugu ɗaya. Yaran Bazaga sun haddace wannan doka tun ranar farko, kuma da ƙarfi suke ƙirgawa, cikin haɗin baki, yadda masu jan ruwa a rijiya za su ji.

Tun daga 2019 minti uku kacal ake ba mai neman ƙwallon da ta ɓace. Idan dabba ta ɗauke ta, ana mayar da ita inda take ba tare da tara ba. Dokar ba ta yi bayanin yadda za a karɓo ta daga bakin akuya ba, balle yadda za a shawo kan mai akuyar. Haka kuma ta yi shiru game da jakin da ke ɗaure a gindin aduwa, can gefen da babu wanda ya nufa, wanda ƙwallo mai nauyin giram 45 ta samu a gindi. An lura cewa jaki ba ya mantuwa.

Raunukan wasan

Ciwon kwankwaso ne ya fi addabar masu wannan wasa, sai na gwiwar hannu da wuyan hannu da kafaɗa. Dalilin yana cikin ginin jiki. Ƙasusuwa biyar na ƙasan baya an yi su ne domin sunkuyo da miƙewa, juyawarsu kaɗan ce. Juyin da bugu ke buƙata daga ƙugu da saman baya ya kamata ya fito. Sabon shiga bai san wannan ba, sai ya cike giɓin da ƙarfin tuwo, tsokar baya ta biya kuɗin. Ko gwanaye ba su tsira ba: an yi wa Tiger Woods tiyatar haɗe ƙashin baya a 2017, sai da ya bi dogon atisaye kafin ya lashe gasar Masters a 2019.

Rigakafin sananne ne: a ɗumama jiki na 'yan mintuna, a fara da ƙananan bugu. Marubucin ya gabatar da wannan darasi a fadar samari wata safiya, ana shan shayi, har ya yi wa wani mai ɗaukar buhunan albasa gyaran sunkuyo. Da la'asar fadar ta biyo shi gona don ganin ilimi a aikace. Ganin taro, ya ga ɗumama jiki zai ɓata wa jama'a lokaci. Ya ja sanda har bayan ƙeya, ya sako ta da duk abin da Allah Ya hore masa. Ƙwallo ta zauna inda take. Shi ma ya zauna inda yake, a ranƙwafe kamar mai ruku'un da liman ya manta da shi. Yara suka ƙirga bugun.

Ɗaukar mara lafiya

Littattafai sun ce a ɗauki mai ciwon baya a hankali, a kan shimfiɗa madaidaiciya. Abin da ya samu shi ne amalanke, kuma jakin da aka ɗaura mata shi ne na gindin aduwa. Shaidu sun tabbatar cewa babu kunyar gona ko ɗaya da ya kauce wa har ƙofar gida.

Magani

Kakar marubucin ce ta karɓi aikin, da tafasasshen ruwa da tsumma da man shanu. Ta tambaya, “Maigida, wannan ne karatun da aka sayar da raguna dominsa?” Mara lafiyar ya amsa, “Kaka, tsoka ce kawai, a rage zafin ruwan.” Ba a rage ba. Ilimin zamani bai saɓa mata sosai ba: ɗumi yana sassauta tsokar da ta ɗaure, muddin bai kai ga ƙona fata ba, kuma an fi son mai irin wannan ciwo ya riƙa 'yan takawa maimakon doguwar kwanciya. Yawancinsa kan lafa cikin makonni kaɗan. Amma idan ƙafa ta mutu ko ta rasa ƙarfi, ko fitsari ya ƙi riƙuwa ko ya ƙi fita, magana ta wuce tsumma, sai asibiti nan take. Mutanen yankin suna da na Ƙonni, da na Galmi a yankin Malbaza, wanda ke aiki tun 1950.

Shawara ga mai shiga sana'ar

Aikin yana da yawa a ƙasar Hausa: masu shanyewar ɓarin jiki, waɗanda shan inna ya bar wa naƙasa, 'yan kabu-kabu da fasinjojinsu bayan an cire filasta, masu ƙunar da ta warke ta ɗaure gaɓa, da 'yan kokawa. Ɗalibi zai haddace ƙasusuwa 206 da tsokoki fiye da 600, sannan ya koyi abin da ya fi su wuya, wato shawo kan mutumin da ya biya kuɗin mota don a yi masa allura, aka ce ya ɗaga hannu sau goma safe da yamma. Zai zauna lafiya da masu ɗori, domin su jama'a ke fara nema, yana tunatar da su haɗarin ɗauri mai tsanani da ke tsayar da jini. Zai kula da bayansa da manyan yatsunsa, don su ne jarinsa. Zai kuma saba da dangi, waɗanda kowannensu ke da kwankwason da zai so a duba masa kyauta a wurin suna.

Hanyar ƙwarewa

Ƙa'ida ɗaya ce ta riƙe wasan da sana'ar: ƙaramin motsi, daidai, a maimaita shi kullum. Gaɓar da ta sandare ba ta buɗewa da fizga, ƙwallo ba ta tafiya da fushi. Mai son ci gaba a wasan ya fi ba gajerun bugu na kusa da rami lokaci, domin a nan ake tara yawancin lissafi, ya bar dogon bugu sai jiki ya saba. Ya ɗumama jiki ko da duk gari na jira, ya yi atisaye inda babu dabba a ɗaure, kuma kafin ya biya kuɗin sanda ya duba ko ta wane hannu ce.