Mazhabar Masu Jiran Riba

Duk wanda ya zauna a majalisar dattawan Tudun Wada ko Doguwa bayan sallar la'asar, ya ji yadda ake tafka muhawara a kan sayen hannun jari a kamfanin haƙar ma'adinai da makamashi, lalle zai zaci wata mas'alar fiƙihu ce ta gagari malamai, alhali kuwa magana ce ta takarda guda da ke kwance a ƙasan adaka tun zamanin Janar Gowon, lokacin da dokar 1972 ta buɗe wa 'yan ƙasa ƙofar mallakar kamfanoni.

Jamhuru sun tafi a kan haƙuri. Hujjarsu ita ce kuzar da Allah Ya binne a duwatsun Riruwai ba ta ruɓewa, ruwan Tiga da Audu Bako ya tare a ƙasar Bebeji kuma ba ya ƙaura, saboda haka riba tana tafe, illa dai ba ta faɗi rana ba. 'Yan tsiraru, waɗanda ba su manta yadda farashin kuza ya rushe a kasuwar Landan a 1985 ba, suna ganin saniya ta fi, domin ita ana iya taɓa ta, kuma ba ta kiran taron shekara a Ikko.

Da aka tambayi wani malami ko akwai zakka a kan ribar, sai ya nemi jin adadinta. Da aka faɗa masa, ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, kai ne ma ka cancanci a ba ka."