Fiyano Ya Yi Gum, Hali Ya Fito

Da an kwashe albasa an kai kasuwa, kuɗi ya shigo hannu, sai bukukuwa su kankama daga Danwarai har Aliero, Jega da Maiyama, kuma kowane ango yana son ya ji sunansa a waƙa. A irin wannan lokaci ne fiyanon Yamaha ke ƙin yi wa kwamfuta magana. Hanyar da suke gaisawa ita ce MIDI, wadda ta fito a 1983, Dave Smith na Amurka da Ikutaro Kakehashi na kamfanin Roland a Japan suna kan gaba wajen samar da ita. Ba ta ɗaukar sauti, umarni kawai take kaiwa: wane maɓalli aka danna, da wane ƙarfi, yaushe aka sake shi. Ranar da umarnin ya maƙale, ga waɗanda za ka tarar a situdiyo.

Malam Ƙara-Murya. Maganinsa ɗaya ne: a murɗa sauti zuwa ƙarshe. Ka yi masa bayani cewa babu sauti a cikin wayar MIDI, ya ce, "Gaskiya ne, ɗan'uwa," hannunsa na ci gaba da murɗawa. Idan abu ya gyaru ba zato, ƙarar da za ta fito sai ta kori kajin maƙwabta.

Mai Haɗa Iri da Iri. Mutum ne mai son tsari. Ya ga rami mai suna IN, ya ga kan waya mai suna IN, ya ɗaura musu aure. Alhali OUT na fiyano, wato mafitar saƙo, shi ake haɗawa da IN na ɗaya ɓangaren. Ka juya masa, ya ɓata rai: "To mi ya sa suka rubuta haka nan?"

Injiniya. Ya yi zango ɗaya a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, tun daga nan komai a wurinsa cuta ce ta shiga kwamfuta. Kafin a yi aune ya goge komai, har waƙar da aka kwana ana haɗawa. Abin da ya rage tun farko shi ne a shiga saitin MIDI na manhajar FL Studio, a zaɓi sunan fiyanon, a danna Enable. Shi kuma cewa zai yi, "Ai dama tana buƙatar wanki."

Ɗan Zirga-Zirga. Bai yarda laifi na zama a ko'ina ba sai a waya. "Wagga waya jabu ce," sai ya hau kabu-kabu ya nufi kasuwar Jega. Ya dawo da sabuwa mai araha, shiru. Gobe ya koma. Wani lokaci yana da gaskiya, don arha ba ta ado. Amma sau da yawa direban USB na fiyanon ne ba a saka a kwamfutar ba. Mai shagon wayoyi kullum yana yi masa addu'ar tsawon rai.

Mai Zargin Hannu. Ya danna maɓalli yana jiran busa, sai ya ji ganga ta amsa. Nan take ya rage murya: "Oga, an sa mana hannu." Har ya san wane situdiyo ne. Gaskiyar magana, MIDI na da tashoshi 16, kuma a tsarin General MIDI na 1991 tasha ta 10 ta ganguna ce. Can saƙonsa ya faɗa. Ranar da wani ya kashe Local Control, fiyano ya daina ƙara da kansa, sai da ya turara shagon da habbatussauda.

Alhaji Mai Biki. Bai san IN ba, bai san OUT ba, ya dai san ya ba da kafin alƙalami kuma ɗaurin aure jibi ne. Duk bayan minti biyar: "Yaro, an kusa?" Shawararsa kullum ita ce a ɗan bubbuga fiyanon, don haka yake yi wa rediyonsa.

Yaron Shago. Aikinsa shara da sayo shayi, ba a tambayarsa. Sai kowa ya fita sallar La'asar, shi kuma ya riga ya yi tasa, ya zauna yana bin abin gaɓa-gaɓa kamar masu ɗorin Aliero: ba ya taɓa na gaba sai ya tabbatar da na baya. Ya kunna fiyano kafin ya buɗe manhaja. Ya duba ko kwamfuta ta ga sunansa. Ya juya kawunan waya. Ya daidaita tasha. Abu ɗaya yake canzawa, ya gwada, sannan ya wuce. Kafin a dawo, kiɗa na tashi.

Daga nan sai rabon yabo. Injiniya ya ce wankinsa ne ya fara aiki. Ɗan Zirga-Zirga ya nuna sabuwar wayarsa. Mai Zargi ya ɗaga kaskon turare. Alhaji ya zaro tukuici ya miƙa wa wanda ya fi kowa ɗaga murya, sannan ya waiwayo wurin yaron: "Kai kuma kana zaune ba ka aikin komai, tashi ka sayo mana ruwan sanyi."