Ajin da Awaki Suka Riga Ɗalibai Shiga

A Nijar ana buɗe lakwal a watan Oktoba, amma hatsin Adar bai san da wannan kalanda ba. Shi kuwa ajin zana, wanda ƙauyukanmu da yawa a Kalfu suka dogara da shi, sai an yi girbi an sare kara kafin a samu abin kafa shi. Don haka ranar da darekta ya ce an turo mana sabon mushe, wanda bai daɗe da fitowa daga makarantar horon malamai ta Kawusan da ke Tawa ba, ajin nasa yana tsaye a gona da zangarniyarsa.

Aka kira taron COGES, kwamitin da ke kula da makaranta. Samari duk suna gona, waɗanda ba su dawo daga bida a Abijan ba kuma gaisuwa kawai suka aiko. Ni ke riƙe da littafin kuɗin kwamiti, wanda babu komai cikinsa sai sunayen masu alkawari, don haka aka ɗora mini aikin. Shugaban kwamiti ya gyara rawani ya ce, "Kai ɗan nan, mi ad da wuya ga aji? Dirka huɗu da zana, shi ke nan."

Na bi gida-gida ina roƙon zana. Wata tsohuwa ta kwance ta makewayinta ta miƙo mini, ta ce, "Ɗauka ɗana, don ilimi. Amma aro ne hwa." Sauran duk tsofaffi ne da damina ta gama da su. Inda suka kasa, muka cike da ɗanyen karan dawa mai ganye. Igiyar kaba ta ƙare, mai gadi ya kawo yaɗon wake muka ɗaure. Tabur-ban uku muka samu, ɗaya ƙafarsa ta guntule, muka tokare shi da dutse, tun da abin da Adar ba ta rasa ba ke nan.

Saura allo. Fentin allo sai Tawa, kuma da kuɗi. A da baƙin cikin tsohon batir ake dakawa, to fitilun sola sun sa batir ya yi wuya. Baba mai gadi ya ce in bar masa. Ya kirɓa gawayi ya tankaɗe, ya nemi ƙaro bai samu ba, sai ya dama da ƙullun gero. Ya rantse haka aka yi tun zamanin mulkin Diori. Muka shafe allo ya yi baƙi ƙirin, muka tafi gida muna yabon juna.

Da asuba na tarar da awaki sun riga kowa halarta. Bangon arewa babu shi, sun bi yaɗon wake sun cinye ɗauri, zana ta kwanta. Wani bunsuru ya ɗora ƙafafu a tabur-ban yana lasar allo layi-layi kamar mai bitar hadda. Na kore su, muka ɗaga zana, Baba ya sake damu da sauri ya lafta.

Hannunmu bai bushe ba sai ga kabu-kabu. Mushe ya sauko cikin farar shadda mai sheƙi, da jaka a kafaɗa. Ya leƙa aji ya ce madalla, da muryar wanda ya ga abin da ya fi ƙarfinsa. Aka shigo da ƴan aji ɗaya, waɗanda iyayensu suka iya sakewa daga tsintar wake, wasu suna kuka. Ya buɗe baki zai gaishe su, bunsuru ya kutso ta ƙarƙashin zana, ya nufi allonsa. Mushe ya ja da baya, ya manne da allon. Da ya juya zai rubuta kwanan wata, masu kuka suka daina kuka. Rabin allo yana bayansa, rabin da ya rage kuma alli ya ƙi kamawa.

Shugaba ya iso yana faɗa. Ya ce wannan cin mutuncin ilimi ne, duk mai awakin nan sai ya biya tarar jika biyar, ko ɗan wa ne. Yara suka jawo bunsurun. Shugaba ya duƙa ya dubi tsagar kunnensa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya miƙe ya ce, "Jama'a, dabba ba ta da hankali. A yi haƙuri da juna."

Aka kwashe tabarmi zuwa gindin dogon yaro, aka ce nan za a zauna har a gama girbi. Ina shirin sulalewa sai ga tsohuwar nan da sandarta. Ta ce, "Ɗana, in an gama ilimin a ba ni zanata. Tun da ka ɗauke ta ban yi wanka ba."